Buhu 47 na riɗi sun jiƙe, an ce in rubuta rahoto da Ingilishi

MaiSito_Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda zai ɗora ni a hanya, kuma lokaci ya ƙure mini, don ranar Litinin ake jiran takardar.

Ni mai kula da sito ne a nan Garwa, arewacin Kamaru. Shekara shida ke nan ina aiki a wajen wani Alhaji da ke sayen riɗi da gyaɗa da wake daga kasuwannin Pitowa da Ngong da ƙauyukan kewaye. Aikina karɓar kaya, aunawa, shigarwa a littafi, da tsayawa a kan lodi. Karatuna na Faransanci ne, a lise, wato sakandare, na tsaya. Ingilishin da nake da shi wanda aka koya mana ne a aji, sai ɗan abin da na tsinta a bakin 'yan kasuwar Mubi da Yola. Bana Allah ya haɗa Alhaji da masu saye na waje, wani kamfani mai ofis a Duwala. Manajansu ɗan Indiya ne, Faransancinsa kaɗan ne, kowace takarda da Ingilishi yake so.

Ga abin da ya faru. Ranar Talata 8 ga Afrilu, kamar mako guda bayan ƙaramar sallah, muka loda buhu 600 na riɗi, kowanne kilo 50, tan 30 ke nan, a tirela ɗaya zuwa Ngaundare, inda za a sauke a sa a jirgin ƙasa zuwa Duwala. Tafiyar da ba ta wuce yini guda ba sai ta ci kwana biyu. Direba ya ce mota ta lalace masa a hawan dutsen nan na bayan Mbe, ya kwana a gefen hanya, ruwa kuma ya sauka a kansa. Mu nan Garwa ko gajimare babu, zafi ne kawai, amma kun san can bisa tudun Adamawa damina tana riga mu sauka. Alhaji ya tura ni Ngaundare ranar Juma'a. Na ƙirga buhu 597, uku babu. A cikin 597 ɗin, 47 sun jiƙe, wasu har sun fara wari. Tamfol ɗin motar a yage yake ta baya.

Manajan ya ce yana son rahoto a rubuce, abin da ya kira "factual report". Daren Juma'ar na zauna na rubuta da Faransanci yadda aka koya mana, sannan na juya shi da ƙamus da taimakon waya. Ga farkonsa yadda na aika:

"Sir, I have the honour to come very respectfully before your high benevolence to bring to your knowledge the unfortunate situation of the goods loaded on 08/04/25. Actually the driver has neglected the goods and important damages have been caused by the rain. The loss is 2,350 t. We demand you a delay to control the rest."

Yau da safe ya bugo wa Alhaji waya ransa a ɓace. Tambaya uku ya yi. Yaya motar da ta ɗauki tan 30 za ta yi asarar tan dubu biyu da ɗari uku da hamsin? Wa ya tabbatar cewa direba ya yi sakaci? Kuma tun yaushe mai sayarwa yake ba mai saye umarni? Alhaji bai yi mini faɗa ba, ya ce dai in gyara kafin Litinin, amma na ga abin ya dame shi, don wannan ne cinikinsa na farko da mutanen nan.

To 'yan'uwa, yaya ake fara irin wannan rahoto, me ake sawa, me ake bari? Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai. Zuciyata tana gaya mini direban nan ne ya sayar da buhu ukun a hanya ya biya makanike. In rubuta haka, ko in yi shiru?

Tsohon_Akawu, Marwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka. Rahoton da ake nema ka riga ka rubuta shi a nan da Hausa. Koma ka karanta inda ka ce "ga abin da ya faru": akwai rana, akwai adadin buhu da nauyinsu, inda aka nufa, abin da direba ya faɗa, da abin da kai ka ƙirga. Da haka ka aika wa manajan, da bai bugo waya ba. Abin da ya ɓata maka aiki shi ne, da ka ɗauki biro sai hannunka ya tuna da irin takardar da muke rubuta wa ofishin gwamna muna neman alfarma.

Na daɗe ina aikin akawu, farko a harkar auduga, daga baya a siton abinci na wata ƙungiyar agaji a nan Marwa, lokacin da ayyukan agaji suka yawaita bayan buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013. A can ne ya zame mini dole in riƙa rubuta rahoto da Ingilishi duk ƙarshen mako. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce babba.

Wata rana na ƙirga katan-katan na man girki, na ga goma sha biyu babu. Na rubuta cewa masu gadi sun sace. Ban ga kowa ya ɗauka ba, kawai dai su ne suke kwana a wurin, kuma raina ya ba ni haka. Aka sallami mutum ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyar. Bayan mako uku sai ga katan ɗin a wani siton namu, an kai su can ba a shigar a littafi ba. An mayar da shi bakin aikinsa. Na je har gidansa na roƙe shi gafara, ya yafe mini, amma mako ukun da iyalinsa suka yi ana nuna su da yatsa a unguwa ba ni da abin da zan biya su da shi. Layi ɗaya ne na rubuta, kalma biyar.

Tun daga ranar, kafin in sa kowace magana a takarda sai na tambayi kaina daga ina na same ta. Idona ne ya gani ko hannuna ya auna? Ko wani ne ya gaya mini? Ko kuwa zuciyata ce take raya mini? Mu da muka yi karatun zaure mun san wannan tun kafin boko. Masu ruwaito hadisi ba sa haɗa "na ji da kunnena" da "an ba ni labari", kowanne da lafazinsa, kuma sai sun faɗi wanda ya gaya musu. Rahoton kasuwanci ma haka yake tafiya.

Abin da ka gani, faɗe shi kai tsaye da sunanka: "I counted 597 bags." Abin da direba ya gaya maka, rataya masa shi a wuyansa: "The driver stated that the truck broke down near Mbé", ko ka fara da "According to the driver". Kai ba ka kasance a Mbe ba, ba ka ga ruwan ba, ba ka ga motar a lalace ba. Ba ƙaryata shi kake yi ba, kana nuna wa mai karatu inda maganar ta fito ne. Abin da zuciyarka take raya maka kuwa, bar shi a zuciyar. Game da buhu ukun, jimla ɗaya ta isa: "The cause of the shortage has not been established." Wato har yanzu ba a gano dalilin giɓin ba. Iyakar gaskiyar da kake da ita ke nan a yau. Kalmar "neglected" da ka sa hukunci ne, kuma ba a naɗa ka alƙali a wannan shari'a ba.

Sai batun farawa. Wanda zai karanta takardarka mutum ne mai mota goma a hanya da jirgin ruwa da ke jiransa. Zai karanta layi biyar na farko, in ya samu abin da yake nema ya ɗauki mataki, sauran ya duba daga baya. Saboda haka abin da ya faru da kayan shi ne a sama, labarin yadda aka yi ya biyo baya. Ni da haka zan buɗe:

"On 8 April 2025 we loaded 600 bags of sesame, 50 kg each, at Garoua. The truck reached Ngaoundéré on 10 April. On 11 April I counted 597 bags. Three bags were missing and 47 were wet. The other 550 bags were dry on the outside."

Lura da ƙarshen. Na ce a bushe suke ta waje, don na fahimci ba ka buɗe su ba. In ka ce lafiyarsu ƙalau, aka je Duwala aka farke aka tarar da danshi a ciki, maganarka ta faɗi, kuma daga nan duk abin da ka rubuta sai an sake aunawa.

Bayan wannan ka jero abin da ya faru bi da bi, rana bayan rana. Sannan abin da ka riga ka yi: ka ware jiƙaƙƙun ko ba ka ware ba, a ina suke yanzu, a hannun wa. Sannan abin da ya rage a yi. Shafi ɗaya ya isa. A sama ka sa wanda ake aika wa, wanda ya rubuta, rana, da kan magana mai ɗauke da lambar motar.

Malamar_Ingilishi, Ngaundare:

Sannu Malam mai sito, Allah ya mayar da alheri. Baba Akawu ya gama da ginshiƙin magana, ni zan taɓa harshen ne kawai, don aikina ke nan, ina koyar da Ingilishi a lise a nan garin da kayanka suke ajiye.

Kada ka ga kamar kai kaɗai ne. Dokar ƙasa ta Disambar 2019 ta ba Faransanci da Ingilishi matsayi ɗaya, amma yaro a nan Arewa awa kaɗan yake haɗuwa da Ingilishi a mako, da ya fita aji sai Fulatanci da Hausa da Faransanci. Kurakuran da ke takardarka su nake gyarawa a littattafan 'yan ajin ƙarshe kowace shekara.

Tan dubu biyun da ya tayar wa manajan hankali waƙafi ne ya jawo shi. A Faransanci waƙafi shi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, shi ya sa a wajenka 2,350 t yana nufin tan biyu da kilo 350. A Ingilishi ɗigo ne yake wannan aikin, waƙafi kuma dubbai yake rabawa. Shi ya karanta tan dubu biyu da ɗari uku da hamsin, kuma yadda ka rubuta haka ɗin yake nufi a harshensa. Buhu 47 sau kilo 50 kilo 2350 ne. Rubuta "2,350 kg" ko "2.35 tonnes". Ni na fi son kilo, don da kilo ka auna. Ka kuma riƙe rubutun "tonnes", don Amurkawa suna da nasu "ton" ɗin da bai wuce kilo 907 ba.

Kwanan wata ma tarko ne. 08/04/25 a wajenmu da Ingila da Indiya 8 ga Afrilu ne, amma a Amurka wata ake fara rubutawa, sai ya koma 4 ga Agusta. Ba ka san hannun da takardar za ta faɗa ba bayan manajan, wataƙila masu inshora, wataƙila uwar kamfani a wata ƙasa. Rubuta sunan watan da haruffa yadda Baba ya yi. Lokaci kuma ba a rubuta 14h30, sai 14:30.

Yanzu kalmomin da suke kama da na Faransanci alhali ma'anarsu daban. A layi huɗu ka faɗa shida.

"Demand" shi ya ɓata wa mutumin rai. Kai "demander" kake nufi, roƙo ko tambaya, amma a Ingilishi kalmar tana nufin nema da ƙarfi, kamar mai bin bashi. "We request" ko "Please allow us" za ka ce. "Delay" ba "délai" ba ne. Kai wa'adi kake nema, shi kuma jinkiri ya ji. Faɗi adadin kwanakin kawai: "We request two days to inspect the remaining bags." Ka ga na sa "inspect" a madadin "control", don "control" iko ne da mallaka, dubawa kuwa "check" ne ko "inspect". "Actually" ba "actuellement" ba ne, ana faɗinsa ne in za a gyara wa mutum magana, kamar ka ce "a gaskiya dai". Cire shi gaba ɗaya. "Important" a Ingilishi muhimmanci ne, ba ya nufin yawa ko girma.

Na shidan shi ya fi haɗari a takarda irin taka. "Damage" ba tare da s ba shi ne ɓarna ko lalacewa. Da ka ƙara s ya zama "damages", ka shiga harshen kotu, diyyar da ake biyan wanda aka yi wa ɓarna ke nan. Mai karatu zai iya zaton kana buɗe maganar biyan kuɗi.

Akwai biyu da ba ka yi amfani da su ba amma suna jiranka nan gaba. "Eventually" yana nufin daga ƙarshe abin zai faru, alhali "éventuellement" wataƙila ne. In ka rubuta cewa za ku biya "eventually", alkawari ka ɗauka. Sai "milliard", wanda shi ne "billion" a Ingilishi, "billion" na Faransanci kuma ya ninka shi sau dubu.

Batun aikatau, doka ɗaya za ka riƙe. Mun saba da "le camion est arrivé", sai mu juya shi "has arrived". In dai ka ambaci rana ko lokaci, sai "arrived" tsura: "The truck arrived on 10 April." Rahoto irin wannan kusan duka haka yake tafiya, loaded, left, arrived, counted, found. Kalmomi ne na ajin farko, kuma ka san su.

Kalmomi irin su "unfortunate" da "very" da "many", ni nakan ce wa ɗalibaina su ɗora su a sikeli. In ba su da nauyi a cire, a sa lamba a gurbinsu. Wasu sun fara wari, ka ce. Nawa ne wasun? Koma ka ƙirga, ko ka sa wanda ke wurin ya ƙirga maka. A ƙarshen takarda ba a bukatar komai mai kama da gaisuwar rufe wasiƙa ta Faransanci, wato "Veuillez agréer". Sunanka, aikinka, rana, sa hannu.

Ɗan_Njamena:

Salamu alaikum daga Njamena. Ni aikin fitar da kaya nake yi, ƙaro da riɗi, kuma duk ta hanyarku suke bi, daga gadar Ngeli mu shiga Kusuri, Marwa, Garwa, Ngaundare, har tashar jiragen ruwa ta Duwala. Irin wannan takarda ta sha ratsa hannuna, wasu ni na rubuta, wasu ni aka rubuto wa.

Baba Akawu, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai cewa kada ya rubuta zargi. Amma ina ganin akwai abin da aka tsallake, kuma in ba mu faɗa masa ba manajan zai tambaye shi. Malam mai sito, ka ce tamfol a yage yake a Ngaundare. A Garwa fa, lokacin da motar za ta tashi, yaya yake? Wa ya duba shi? Kai ne ka ce aikinka tsayawa a kan lodi. In ka duba lafiyarsa ƙalau, rubuta. In ba ka duba ba, shi ma rubuta. Mutum yakan tsaftace rahotonsa daga zargin wani, sannan ya yi shiru a kan abin da ya shafe shi, ya ɗauka ya yi adalci. Ai rabin shaida ya bayar. Ingilishi kuma yana da wata maɓoya da ake fakewa a cikinta: "The tarpaulin was not checked." Ba a duba ba, in ji wa, wa ya kamata ya duba? Duk wanda ya saba karanta rahoto da ya ga irin wannan jimla ya san akwai wanda ya laɓe a bayanta. In kai ne, ka ce "I".

Haka batun buhu uku. Ba za ka ce an sayar ba, amma akwai abubuwan da ka sani waɗanda za su taimaki mai bincike. Wa ya ƙirga 600 ɗin a Garwa? Direba ya sa hannu a takardar rakiyar kaya a kan 600? Igiyoyin da aka ɗaure kayan da su, yadda kuka ɗaura ka same su ko an kwance? Wa ke tsaye lokacin da ka ƙirga 597? Duk waɗannan abin gani ne, suna da wuri a rahoto. Ka jero su ka bar mai karatu ya haɗa lissafinsa.

Abu na biyu, kada ka rubuta wanda asarar ta hau kansa, kada kuma ka ba da haƙuri irin na amsa laifi da sunan Alhaji. Wannan yana cikin yarjejeniyar cinikinsu. Akwai ƙa'idojin da ake kira Incoterms, na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris, wanda ake aiki da shi yanzu na 2020 ne. Haruffa uku ne ake sawa a yarjejeniya, kamar FCA ko FOB, su suke nuna daidai inda haɗarin kaya yake tashi daga wuyan mai sayarwa ya koma na mai saye. Wataƙila tun da aka loda a Garwa kayan sun bar wuyan Alhaji, wataƙila sai sun hau jirgin ruwa. Kai ba ka ga takardar ba, to kada alƙalaminka ya yanke abin da ba a tambaye ka ba.

In za ka sa kuɗi, kula da abu biyu. Mu a kasuwa ba da faran muke magana ba. Ku kuna cewa dala, mu nan Larabcin Chadi riyal ake cewa, duka faran biyar ne. Na taɓa karɓar takarda daga wani yaro nawa ya rubuta 200 alhali riyal 200 yake nufi, faran 1000 ke nan. Juya komai zuwa faran kafin ya hau takarda. Sannan baƙo bai san FCFA ba, kuma sefa iri biyu ce. Tamu ta Afirka ta Tsakiya XAF ake rubuta ta, ta su Nijar da Senegal XOF. Darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma bankunansu daban. Rubuta "XAF" a gaban lambar.

Ka ɗauki hotuna ka ba su lamba, ka ambace su a cikin rahoton, yagewar tamfol hoto na 1, jiƙaƙƙun buhuna hoto na 2. Direba kuma a ba shi dama ya faɗi nasa, a rubuta da Faransanci ko da Hausa, a karanta masa, ya sa hannu, a liƙa a baya.

Gaisuwa da girmamawa kuwa ba a ce ka zubar da tarbiyyarka ba. In za ka aika, sa layi biyu na ladabi a saƙon da ke rakiyar takardar. Shi kuma "j'ai l'honneur" ɗin da ka juya zuwa "I have the honour" ajiye shi, ranar da za ka rubuta wa hukuma zai yi maka amfani.

Tsohon_Akawu, Marwa:

Ɗan Njamena, ka yi gaskiya, na tsallake batun tamfol kuma bai kamata ba. Ƙanena, amsa tambayarsa tsakaninka da Allah kafin ka sake ɗaukar biro. Abu ɗaya zan ƙara: in amsar ta shafe ka, karanta wa Alhaji rahoton da Hausa kafin ka aika. Kada ya fara jin maganar daga bakin baƙo.

MaiSito_Garwa ya rubuta:

Baba Akawu, Malama, Yaya na Njamena, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Na zo in gaya muku inda aka kwana.

Ban duba tamfol ɗin ba. Tun da Yaya ya yi tambayar na kasa barci, don na san amsar. Wata shida ba mu ga ruwa a Garwa ba, lodi ya kai mu har bayan la'asar, ina sauri motar ta tashi, na ga an rufe kaya na sa hannu. Na san Ngaundare ana ruwa a Afrilu, amma ranar bai zo mini a rai ba. Na rubuta shi yadda kuka ce: "I did not inspect the tarpaulin before departure."

Ranar Lahadi bayan azahar na je gidan Alhaji na karanta masa rahoton layi-layi da Hausa. Da na zo wurin sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi shiru, sannan ya ce in bar shi a ciki, kuma daga yau kowace mota sai an buɗe tamfol ɗinta an duba a gabana kafin a fara lodi, a shigar a littafi.

Na sa yaron da ke gadin kayan a Ngaundare ya ƙirga masu wari, 12 ne cikin 47, na sa lambar. Direba ya zo da kansa ya kawo rasit ɗin makaniken da ya gyara masa mota a Mbe, ya kuma faɗi nasa, na rubuta da Faransanci na karanta masa ya sa hannu. Ya amsa cewa a kan 600 ya sa hannu a Garwa. Ya ce daren da ya kwana a hanya ya bar motar da yaronsa ya tafi neman kayan gyara. Na sa wannan a ƙarƙashin "The driver stated". Buhu ukun har yanzu ba a san inda suka shiga ba, kuma haka na rubuta. Zargin da nake yi masa bai hau takarda ba, kuma da na ga ya zo da ƙafarsa da rasit a hannu na gode wa Allah da bai hau ba.

Rahoton ya tsaya a shafi ɗaya, da hoto huɗu da takarda biyu a baya. Na aika Litinin da ƙarfe tara. Kafin azahar manajan ya amsa da layi biyu: ya karɓa, kuma yana son a auna danshin buhu 550 ɗin kafin a sa su a jirgi, a ɗebi samfuri daga buhu 30. Alhaji ya aro mini na'urar auna danshi daga wajen wani abokinsa, gobe da asuba zan kama hanyar Ngaundare.

Malama, tambaya ɗaya kafin in tafi. In na'urar ta nuna shida da rabi, "6.5%" zan rubuta da ɗigo ko? Kuma in jero sakamakon buhu 30 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ko in ba shi mafi ƙanƙanta da mafi girma kawai? Zan duba zauren in mun tsaya sallah a Ngong.